Rumfunan da Muka Kafa a Kan Burtali

Ina da taubashi a Isa, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma tun muna yara ban taɓa son ya riga ni komai ba. Tare muka yi aikin koyarwa, tare muka ajiye. Da rashin tsaro ya ɗan lafa, mutanen da suka gudu suka fara dawowa, sai unguwarsu ta ɗora masa aikin farfaɗo da 'yar kasuwarsu, tamu unguwar a Sabon Birni ta ɗora mini irinsa. Tamu kasuwar ta mutu murus. Awaki ne ke kwana a rumfunan.

Shekara guda cur mutumin nan bai kafa ko turke ba. Yawo kawai yake da tsohon littafi, yana zama da mata masu ƙosai, da mahauta, da Fulani, yana tambayar inda ruwa ke bi da damina da inda shanu ke bi da rani. Wai tsarin shekara goma yake yi. Na yi masa dariya har da riƙe ciki.

Na ce, "Kai dai ka tsaya rubutu, ni za ni gama kasuwa kahin ka gama shafi guda."

Akwai wani fili miƙaƙƙe a bayan kasuwarmu, shararre, ba mai shi. Na tara matasa aka yi gayya, cikin wata biyu muka jera rumfunan kwano a kansa. Ranar da muke haƙa ramuka, wani dattijon makiyayi ya tsaya da sandarsa a kafaɗa.

Ya ce, "Malam, wagga hanyar shanu ta. Nan muka bi zuwa gulbi tun kakanni."

Na sani sarai. Burtali ne, tashin hankali ne kawai ya hana shanu binsa 'yan shekarun nan. Amma hankalina yana Isa, ina ƙosawa labari ya kai kunnen taubashina. Na ce wa dattijon su zagaya.

Ba su yi faɗa da kowa ba. Sun zagaya ɗin, sai dai zagayen ya kai su Isa, inda mai littafi ya bar burtali a buɗe, ya ware wa matan Fulani inuwa kusa da rijiya. Shanu suka koma can, masu nono suka bi su, mahauta da dillalai suka bi masu nono. Rumfunana na nan, kwano yana ta ƙyalli, awaki sun sami sabon ɗaki.

Ba zan ɓoye ba, hassada ta ci ni. Duk wanda ya dawo daga kasuwar Isa yana yabo, sai in ji kamar an zuba mini barkono a ido. Watanni ban taka garin ba, sai da wani bikin suna ya tilasta ni.

Taubashina bai tsokane ni ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya aika a kira mai nono. Da ta sauke ƙwarya sai na ga Bafulatanar da ta shekara ashirin tana kawo nono ƙofar gidana, wadda 'ya'yana duka suka tashi da furarta.

Ta durƙusa ta ce, "Malam, yanzu har Isa kaka zuwa shan hura?"

Na karɓi ludayin, na sha. Daɗinta bai canza ba ko kaɗan.