Madugun da ya tsaya a bakin ruwa

Shekarun baya kaɗan, ina zaune a ƙofar gidana a Salaga, ɗana ya kira ni daga Yendi, rai a ɓace. Wai 'yarsa da ke sakandare ta haukace da wani katun na ƙasar Japan, ta cika kwali guda da zanen dodanni da mutane masu manyan idanu. Ƙanwata da ke aure a Bawku ta je musu ziyara, ta buɗe kwalin, ta yi salati, ta ce aljanu ake gayyato wa yarinya har cikin ɗaki. Shi kuwa ya ce zai cinna wa kwalin wuta, kuma yarinya ta yi sallama da zane ke nan.

Na ce, "Kai ka kalli katun ɗin?"

"Baba, ina ni ina katun?"

"To ba a cinikin biri a sama. Ajiye ashanarka sai na zo."

Washegari na hau mota. Gaskiya a hanya zuciyata ta fi karkata ga ƙanwata. Na ga fim ɗin Indiya a silima a Kumasi, na ga wasannin Misirawa a Jidda, na ga na Faransawa a Wagadugu, ina ganin babu sauran abin da allo zai nuna mini.

Jikanyata ce ta karɓi jakata, idanunta a kumbure.

"Tsoho, kai ma ƙona ni ka zo yi?"

"Haba amarya, in na ƙona ki wa zai dama mini koko?"

Ba ta yi dariya ba. A nan na san abin ya kai mata wuya.

Bayan la'asar muka zauna a falo. Ta yi mini bayani cewa irin wannan katun anime ake kiransa, kuma asalinsa littafi ne na zane da ake kira manga. Ta daɗe tana bin littafin, a makon nan ne aka fara sakin na kallo. Ƙanwata ta zauna can gefe da carbinta, ta juya wa talabijin ƙeya. Ɗana ya tsaya a bakin ƙofa, wai yana jiran kira.

Ina jin Gonja da Dagbanci da Tuwi da Larabci, ina taɓa Mosanci da Turanci, amma Japananci ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Jikanyata ce tafinta, tana karanta fassarar Turanci a ƙasan allo tana juya mini da irin Hausarsu ta yaran zango wadda ba ruwanta da bambanta shi da ita, sai da na riƙa tambaya, "Wa ya faɗa, tsohon ko yarinyar?"

Labarin ayarin fatake ne, a wata ƙasa da kogi ke da rai, kowace safiya ya tashi ya sauya hanya kamar maciji. Dabbobin dakonsu kamar raƙuma ne, amma da ƙafa shida. Akwai wata yarinya sabuwar shiga, akwai kuma tsohon madugu mai guntun gemu. Ba zan ɓoye ba, idanun nan sun yi mini girma, kuma ihun ya yi yawa, abu kaɗan sai a wage baki. Amma ruwan nan! Ban taɓa ganin hannu ya zana ruwa haka ba, har hasken yamma da ke rawa a kansa, irin wanda ake gani daga kwalekwale a Kete Krachi. Yadda kuma suke sunkuyawa in za su gaida babba ya tuna mini da durƙuson Dagomba.

Sai ayari ya iso bakin kogi, ruwa ya fara kumbura. Ban san sanda na miƙe zaune ba. Kakana bafatake ne, da ƙafarsa ya kai goro Kano daga Salaga, kuma ya sha gaya mana cewa a tudu madugu ne a gaba, amma a ruwa shi ne na ƙarshe. Ba ya tsoma ƙafa sai jakin ƙarshe ya haye.

Na ce da ƙarfi, "In tsohon nan ya riga su ƙetarewa, mai zanen nan maƙaryaci ne, a kashe talabijin."

Jikanyata ta dafe ƙirji.

A allo, samarin ayari suka ruga cikin ruwa. Yarinyar ta kama hannun madugu tana ja, ya zare hannunsa a hankali. Ya kafa sandarsa a laka, yana shafa wuyan kowace dabba da ta wuce. Sai da ta ƙarshe, wata gurguwa, ta kai tsakiya, sannan ya shiga. Kogi ya ɗaga kai ya rufe shi. Sai waƙa ta taso, rubutu ya fara hawa.

"To sai kuma yaya?" Muryar ƙanwata ce. Ashe ta daɗe da juyowa, carbi ya tsaya cak a hannunta.

"Sai mako mai zuwa, Hajiya."

"Mako mai zuwa? Bawan Allah yana cikin ruwa?"

Ɗana ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. "Ke da kika karanta littafin, ya fita ko bai fita ba?"

Ta ce ba za ta faɗa ba, ko da wuta.

Na sa aka kawo kwalin. Na duba zanenta ɗaya bayan ɗaya, na ga ba dodanni kaɗai ba ne. Akwai masu sauke doya a kasuwa, akwai mahaifiyarta tana tankaɗe, akwai wani tsoho mai kunnuwa kamar faifai wanda aka ce wai ni ne. Na ce wa ɗana, maganar hukuncin zane ta malamai ce, ya je ya tambaye su a natse. Amma in tsoronsa tarbiyya ne, abin da na gani yau shi ne abin da kakana ya koya mini, ni kuma ban taɓa zaunar da shi na koya masa ba. Ya daɗe yana kallon hoton mahaifiyar yarinyar. Daga nan ya ɗauki kwalin da kansa ya mayar mata ɗaki.

Har yau abin yana ba ni mamaki. Wani mutum a can ƙarshen duniya, wanda bai taɓa tauna goro ba, ya san inda shugaba ke tsayawa in ruwa ya kawo. Na yi yawo ina auna mutane da harshensu da abincinsu, ashe akwai abin da matafiya suka sani tare ko ba su taɓa haɗuwa ba. Jikanyata tana nan tana zanenta, yanzu har biyan ta ake yi ta zana allunan shaguna a Yendi. Ƙanwata kuwa ba ta taɓa cewa ta janye maganar aljanu ba. Sai dai duk mako, har katun ɗin ya ƙare, tana kira daga Bawku wai gaisuwa, kuma ba ta ajiye waya sai an ba yarinyar.