Sabulu Ba Ya Karya Alwala

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Dakta Sule, kuma bana ce ta farko da ranar ba ta same ni a gida ba. A da, idan ta zagayo, nakan dafa abincin sadaka in raba wa maƙwabtanmu na unguwar Aboabo a nan Kumasi, mu yi masa addu'a. Bana a kan bencin asibiti ta riske ni, a ƙofar ɗakin jarirai, inda jikata bakwaini take kwance cikin kwalba yau kwana tara. Zaman ma ya gagare ni. In tashi in leƙa ta gilashi, in dawo, in sake tashi, har wata nas ta roƙe ni da harshen Tuwi ta ce, "Maame, mepaakyɛw, ki zauna mana. Za ki cinye mana siminti da ƙafa."

Mutanenmu na Zongo ba su taɓa gane aikin Yaya ba, ni ma ƙanwarsa haka. Da ya gama karatun likita, kowa ya sa ran zai riƙa fiɗa ko allura. Sai ya zaɓi yaƙi da cututtukan da marar lafiya ke kwasowa a cikin asibitin kansa, wato mutum ya shigo da karaya, ya fita da ciwon da bai zo da shi ba, ko kuma ya ƙi fita sam. Yana bin ɗaki-ɗaki, yana murɗa famfo ya ga ko akwai ruwa, yana duba farcen ma'aikata, yana tare manyan likitocin da suka girme shi tsakanin gado da gado. Nas-nas suka laƙaba masa Dakta Hohoro, daga kalmar wankewa ta Tuwi. A unguwa kuwa tsiya ake masa: duk wannan karatu, ashe sabulu ya je ya koyo.

Amma babban faɗansa ba da likitoci ya yi shi ba, da mu ya yi. Kowa ya san yadda muke zuwa dubiya. Mu cika motar haya ta tro-tro, daga gidan rasuwa mu biya gidan suna, mu ƙare a asibiti. Mun gaisa da rabin Kumasi a hanya, sannan kowa ya dafa goshin majinyaci, wani ma ya zauna masa a bakin gado. Idan Yaya ya tare mu ya nuna mana famfo, amsa ɗaya ce: "Ai ina da alwala." Kuma ba ƙarya muke yi ba. A wajenmu wanda yake da alwala yana da tsarki, to me ya rage a wanke?

Ba ya ɗaga murya. Ya kan rusuna wa dattijo ya ce, "Baba, alwalarka tana nan daram. Amma tun da ka yi ta, hannu nawa ka kama? Sabulu ba ya karya alwala." Wasu su yi dariya su wanke. Wasu su juya, kuma akwai waɗanda har ya koma ga Allah ba su ƙara amsa gaisuwarsa da daɗin rai ba. Ya sani, abin yana damunsa, amma gobe ma haka zai yi.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, ba a daɗe ba sai ga korona. Ranar da na ga bokiti mai famfo a ƙofar masallacinmu, limami da kansa yana murza kumfa, na rasa dariya zan yi ko kuka. Abin da Yaya ya ƙare rayuwarsa yana roƙo, tsoro ya yi shi cikin mako guda. Yanzu fa? Bokitin masallaci yana can bayan gida rana ta cinye shi. Maƙwabciyata sobolo, wato zoɓo, take sayarwa a nata. A nan inda nake zaune, robar maganin goge hannu da ke maƙale a bango jiya na matsa ta, iska ce ta fito. Ina ta tambayar kaina me zai yi da ya ga wannan. Cire robar zai yi, ya tafi neman wanda ke da alhakin cika ta, kuma ba zai bar ofishin mutumin ba sai an cika.

Shekaranjiya da hantsi aka jarraba ni. Hajiya Mariya, uwar mijin 'yata, ta zo da mata biyar daga wani biki a unguwar Suame. An kira nas ɗin da ke kula da jariran zuwa wani ɗaki, ƙofa a sakaye. Uwar jaririya kaɗai ake bari ta shiga, ita ma sai ta wanke hannu har gwiwa. Hajiya kuma mura take yi, tana ta share hanci da gefen mayafi. Ban san lokacin da na miƙe na tsaya a bakin ƙofar ba.

"Rabi, ba ni hanya," in ji ta. "Hannu kawai zan sa mata in yi addu'a. Ina da alwala."

Na ce, "Hajiya, ki yi mini afuwa. Mura kike yi, yarinyar nan kuwa ko numfashi da ƙyar take ja. Ki tsaya nan ki yi mata. Addu'a tana ratsa gilashi."

"Jinin ɗana ne a ciki, ke za ki hana ni?" Ta dube ni sama da ƙasa. "Ku dangin Dakta dama girman kai ne ciwonku."

Ta kwashe matanta suka tafi, ko gilashin ba ta leƙa ba. Tun ranar ba ta ɗaga wayata. 'Yata tana kuka, tana cewa gidansu Hajiya fa za ta koma da zama, da wane ido za ta dubi surukarta? Ina son zumuncin nan, shekaru muka yi muna gina shi, kuma ina tsoron na rushe shi da bakina. Amma da a maimaita, nan ɗin dai zan tsaya.

Abin da ya hana ni sukuni ba zagin Hajiya ba ne. Na taɓa faɗin wanda ya fi shi muni. Lokacin da aka yi wa Innarmu tiyata, na zo daga kasuwa da tari, Yaya ya tare ni a ƙofa, kwana uku ya hana ni ganin uwata. A gaban nas-nas ɗinsa na ce masa, "Kai ba ɗan Inna ba ne, ɗan asibiti ne." Inna ta warke sarai, ta ƙara shekaru masu yawa a duniya, ni kuwa ban taɓa janye maganar ba. Na ɗauka ba ta shige shi ba, tun da fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Idan aka tambaye ni me ya rage na Dakta Sule, ba gini da sunansa, ba hotonsa a bangon kowane ɗaki. Akwai mutanen da ke yawo a Kumasi da ƙafarsu waɗanda ba su san shi ne sanadin fitarsu asibiti lafiya ba, domin ciwon da bai kama mutum ba, ba wanda ke zuwa godiya a kansa. Sai kuma ƙanwa ɗaya mai taurin kai da ta koyi darasin bayan malamin ya tafi.

Da safen nan an ce jikata ta karɓi nono kaɗan, amma likita bai yarda ya ce mun tsallake haɗari ba. Hajiya har yanzu shiru. Allah ya jiƙanka, Yaya, ka yafe mini. Shekaranjiya da na tsaya a ƙofar nan, maganar Hajiya ta soke ni, kuma sai a lokacin na gane cewa tawa ma ta soke ka ranar da ka tare ni.