Baƙuwa a Hafirin Simsim

Gadarif, asuba

Mun tashi ƙarfe biyar saura kwata a motar masu kare amfanin gona: ni, da direba Adam, da Ustaz Babikir mai madubin hangen nesa. Wakilin wata babbar gonar tarakta ne ya aiko cewa zarzur, wato jan-baki mai cin dawa, ya sauka a hafirin Simsim, tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama. In haka ne, jibi jirgi zai yi feshi. Ruwan hafirin nan 'yan ƙwadago ke sha, har da 'yata Hawwa mai tsohon ciki. Ban yi makaranta ba, amma shekara talatin ina korar tsuntsu. Shi ya sa aka ɗauke ni.

Hanyar Gallabat, ƙarfe bakwai

Soja ya leƙo a shinge. "Ina zuwa?" Adam ya ce, "Neman tsuntsu." Ya yi dariya, ya buɗe. Muka ci ful, dafaffen wake, muka sha shayi, muka sauka daga kwalta.

Dajin ƙaya, ƙarfe sha ɗaya

Nan aka yi feshi bara. Adam ya kashe rediyo, ba wanda ya sa shi. Sheƙoƙi na lilo a rassa, ba kowa ciki. Ƙananan ƙasusuwa sun cika tsagar baƙar ƙasa. Ko ungulu babu. Ƙanena Musa ya sha ruwa a nan bayan jirgi ya wuce. Kwana uku ya ƙara a duniya.

Adam ya ce, "Kawu Isa, mu tsaya?"

"Wuce."

Hafir, azahar

Ciyawar bakin ruwa na motsi, iska kuwa ba ta kaɗawa. Ba kuka. Zarzur bai san shiru ba. Na kwanta cikin laka awa guda, sai wata 'yar tsuntsuwa ta hau kara. Launin ƙasa, farin maƙogwaro, farin layi bisa ido, baki dogo siriri. Ta cafke ƙwaro, ta zuba mini ido, ba ta tashi ba.

"Ustaz, wannan bakin ba ya fasa dawa."

Ya duba madubi, ya duba littafinsa. "Ya Hajji, daga fadamun Basra take! Shekara ashirin ina nemanta."

"Garinsu bai dame ni ba. Rubuta ba zarzur ba ne."

Wakili ya iso yana kumfar baki: "Tsuntsu ai tsuntsu ne, tsoho." Na ɗebo kashin tsuntsayen a gindin ciyawa, na murza a tafin hannunsa. Fikafikan ƙwari, ba ƙwayar dawa ko ɗaya. Ya goge hannu a jallabiya. Ustaz ya rubuta, ya sa hannu.

Muka kwana a bukkar Hawwa. Da safe na koma hafir. Ciyawa a tsaye, ba tsuntsu ko ɗaya, kamar ba su taɓa sauka ba. Hawwa ta miƙo mini ruwan a ƙwarya, na shanye.

Gadarif, la'asar

Mun iso ƙarfe huɗu. Jirgi ba zai tashi ba. Na gode wa Adam da Ustaz, na gode Allah da ya yi wa baƙuwar nan baki siriri.