Ƙunshin Kakata

Jiya na ji ƙamshin lalle, sai kakata ta faɗo mini a rai. Mai magani ce a Tasawa, tun Nasara ba su zo ba. In mai ciwo ya zo mata, takan latsa farcensa ta ga ko jini zai dawo, ta buɗa gashinsa, ta shafa fatarsa. Lalle kam ba ta sawa, wai yana ɓoye ciwo.

Wata rana ta miƙo mini hannu, sanyi ƙalau. "Ke 'yar nan, yi mini ƙunshi."

"Kaka, ke?"

"Har farce."

Na yi ina murna. Bai goge ba aka binne ta.

Har yau ban gane ba: ado ta so, ko ni ta ɓoye wa? Allah ya sa iyakar wahalarta ke nan.