Ranar da Na Ce Baba Ya Karanta Lambar Fayil

Lokacin da aka ƙirƙiro jiharmu aka ce kowa ya koma gida, ina cikin matasan ma'aikatan da aka kwaso daga Kano aka kawo Dutse. Ban cika shekara talatin ba, ga takardar digiri a hannu, ga kai ya kumbura. Ɗaki ɗaya muka kama mu uku a Yalwawa, amma in na saka kaftani na fito, ji nake ni kaɗai aka aiko in gyara jihar. A wata ma'aikata aka ba ni shugabancin sashen ajiyar fayil, da mutum bakwai a ƙarƙashina. Ba zan kama sunan kowa ba. Na rubuto ne don abin ya daɗe yana ci mini rai.

Cikin bakwai ɗin akwai wani dattijo da kowa ke ce wa Baba, mutumin wani ƙauye kusa da Kiyawa. Ina goye ya fara aikin gwamnati, saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma ba a taɓa saka masa takardar tuhuma ko ɗaya a fayil ɗinsa ba. Ba shi da gidan siminti, ba shi da mota, wannan ɗin ne abin alfaharinsa, kuma yakan ce burinsa ya fita kamar yadda ya shigo. Shi ya jera fayilolin ma'aikatar a kan kantoci tun ranar da aka sauke su daga mota, in ka ambaci ɗaya sai kawai ya miƙa hannu ya zaro. Abin da ya ba ni haushi shi ne wata ɗabi'ar ofishin: duk wanda zai miƙa wa Baba takarda sai ya karanta lambarta da ƙarfi, har da inda ta fito. Na ce ofis ba tasha ba ce, na hana. Na kuma kafa doka cewa duk mai magana da ni a kan aiki ya rubuto a takarda, don a ganina haka wayayyu suke yi.

Ban tsaya nan ba. Na yanke shawarar sake jera fayilolin gaba ɗaya bisa sabon tsarin da na koyo a makaranta. Wata mata da ke buga mana tafireta, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta same ni a keɓe ta ce in yi haƙuri in zauna da Baba tukuna, ruwa ba ya tsami banza. Na ce mata aikin gwamnati ba gadon gidan kowa ba ne. Sai ta koma kujerarta. Ranar Asabar na zo na birkice kantocin nan kaf, na manna sababbin lambobi da ƙananan baƙaƙe, na tafi gida ina jin daɗin kaina.

Ba a yi sati biyu ba, darakta ya shigo da kansa yana neman wani fayil da babban sakatare ke jira. Baba ya tashi ya miƙa hannu inda ya saba, ya kawo wani daban. Ya koma ya sake kawo wanda ba shi ba. Kunya ta kama ni a gaban darakta, sai na huce a kansa. A gaban yaran da suka yi sa'ar 'ya'yansa na ɗaga murya na ce ya karanta mana lambar da ke jikin abin da ya riƙo. Ya kawo fayil ɗin dab da fuskarsa, ya juya wajen taga, ya daɗe a haka. Sannan ya ajiye a hankali ya ce in gafarce shi, ba ya gani. Yanar ido ce ta rufe masa gani, ya fi shekara yana aiki da hadda da lalube. Kowa a ofishin ya sani, shi ya sa suke karanta masa lamba da ƙarfi don su rufa masa asiri. Ni kaɗai ne ban sani ba.

Ga inda laifina ya fi girma. Darakta ya ce in rubuto masa bayani. Da na rubuta cewa ni na sauya jerin ba tare da shawara ba, da maganar ta tsaya a kaina, a yi mini faɗa a wuce wurin. Amma na ji tsoron kada a ce sabon tsarina ne ya jawo, sai na ba Baba takardar tuhuma, na kuma ambaci idonsa a ciki don in wanke kaina. Aka tura shi gaban likitoci, aka yi masa ritaya kafin lokacinsa. Ranar da zai tafi ya zagaya ya yi sallama da kowa, har da ni.

Ba wanda ya zage ni. Gaisuwa ba ta ragu ba, amma daga ranar ba a sake gaya mini komai ba sai abin da na tambaya. In sun ga zan faɗa rami, sai su ce yadda na ce haka za a yi. Shekara huɗu na yi ina shugabantar mutanen da bakinsu kawai ke tare da ni, har aka sauya mini wurin aiki, kuma ban ga wanda ya yi baƙin cikin tafiyata ba.

Sai a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, wata Juma'a liman ya yi huɗuba a kan haƙƙin mutane, cewa Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe. Na kasa cin abinci ranar. Washegari na nemi ƙauyen. Na tarar da Baba a zaure yana tufka igiya, idon ya tafi gaba ɗaya. Daga sallama ya gane muryata, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, yana ce mini ranka ya daɗe, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban gama roƙonsa ba ya ce ya yafe duniya da lahira. Sai dai ya ce akwai abin da yake so in sani: sau uku yana zuwa ƙofar ofishina don ya gaya mini halin da yake ciki ya nemi hutun zuwa a duba idon, sau ukun ina ce masa ya je ya rubuto. Shi ba ya ganin rubutu, kuma ya ji nauyin sa yaro ya rubuta masa irin wannan magana. Na yi kuka a zauren nan, shi ne ma yake ba ni haƙuri.

Ina kira ga duk wanda Allah ya ɗora a kan mutane, musamman matasa. In ka tarar da wata ɗabi'a a wurin aiki, tambayi dalilinta kafin ka rushe ta. In na ƙasa da kai ya tsaya a ƙofarka, ajiye alƙalami ka saurare shi, don akwai maganar da mai mutunci ba zai iya sa ta a takarda ba. In kuma ka yi kuskure, ɗauki kayanka, kada ka ɗora wa wanda ba zai iya kare kansa ba. Baba ya rasu bayan ziyarata da 'yan watanni. Ya yafe mini, na sani, amma takardar tana nan a fayil ɗinsa, ita kaɗai, da sa hannuna a ƙasa.