Saiwar da Ta Yi Numfashi

Kwanakin baya na kai jikata asibiti a nan Azare. Muna jiran likita sai idona ya faɗa kan wani zane a bango, hoton daji, irin wanda Turawa ke yi da fenti mai kauri. Mai zanen ya dangwala kore a kan shuɗi, jikin itatuwan ja-ja, ƙasa ɗigo-ɗigon rawaya, ba a ganin sama ko kaɗan. In ka ƙura masa ido sai ka ga kamar komai na motsi. 

Haka kurmin bakin kogi yake a wajen Katagum ina yarinya. Ƙarshen damina kakata, mahaifiyar babana, takan je can neman sassaƙen magani, ni ina riƙe mata ƙwarya. Da ka shiga sai rana ta dushe, warin ruɓaɓɓen ganye ya cika maka hanci.

Ran nan tana sassaƙar wani maɗaci, na gaji, na ja baya zan zauna kan wata saiwa mai kauri. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa, irin wadda ban san ta da ita ba.

"Tsaya yadda kike. Ni za ki kalla, kar ki dubi ƙasa."

Na duba. Saiwar tana numfashi. Mesa ce, cikinta a kumbure, kanta dab da diddigena.

Na tsaya cak. Kaka ta ajiye gatari a hankali, ta miƙo hannu, ta shiga tambayata miyar da nake so yau, kuka ko kuɓewa, tana ja da baya. Na bi hannun, taku bayan taku. Sai da muka fito cikin gonar dawa sannan ta tsaya. Ta zube, ta rungume ni, ina jin haƙoranta na haɗuwa. Gatarin da ƙwaryar can muka bar su.

Bara na bi ta wurin. An sare kurmin an yi gawayi, shinkafa ce ko'ina, injin ban-ruwa na ta ƙara, yara na gudu ba takalmi, ba mai tsawata musu. Direbanmu ya shimfiɗa mini tabarma a fili fetal, babu inuwar da ko ƙadangare zai ɓuya. Duk da haka sai da na ɗaga ta na leƙa kafin na zauna.