Saƙon da Gwaggo Ta Gyara

Amaryar da duk aka kai ɗaki tana ƙamshi a unguwar Birni ta Damagaram, in ka bincika, hannun Rahina ne. Ita ke haɗa turaren wuta da humra, sana'ar da ta gada wajen kakarta, wata Babarbariya mai faɗa da ta zo daga Gidimuni. Rahina ba ta gaji faɗan ba, hannun kawai ta ɗauko. Mace ce mai kunya har ta yi yawa, irin wadda za a taka wa ƙafa ta ce a yi haƙuri.

Mijinta Yakuba magini ne, dogo, mai sanyin magana. Auren so suka yi, kuma son bai tsufa ba, har maƙwabta na yi musu tsiya wai sun ƙi girma.

A haihuwarta ta uku abin ya lalace. Ta sha wuya, an yi mata ɗinki, an sallame ta. Ta yi wankan jego, ta gama arba'in, kowa ya ce ta warke. Amma duk lokacin da Yakuba ya matso kusa da ita sai jikinta ya ƙulle, zafi ya taso kamar an zuba barkono a ciwo. Tun tana daurewa har ta kai ko motsin takalminsa ta ji a ƙofar ɗaki sai gabanta ya faɗi. Sha'awar ma ta ɗauke gaba ɗaya. Tana son mutumin nan kamar ranta, tana kuma tsoron hannunsa, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

To wa za ta faɗa wa? Matan da ke cika mata tsakar gida kullum cewa suke, "Ke dai Rahina kin more, mai turare guda a gida, ai Yakuba ba ya ganin kowa." Sai ta yi murmushi ta ci gaba da dakan kajiji. Ta sha tsimi a ɓoye, ta sha sassaƙe, ta yi matsin da wata dillaliya ta rantse mata a kai, ciwon ya ƙaru. Yakuba bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ya ga tana janyewa, sai ya ɗauki tabarmarsa ya koma zaure, wai zafi ya yi yawa a ɗaki.

Ranar da ta kai yaron rigakafi gidan likita, sajfam ɗin, wato ungozomar wurin, wata dattijuwa da ake kira Madam Zuliha, ta gama da yaron ta dube ta.

"Ke fa, 'yata? Yaya tsakaninki da maigida?"

Ba wanda ya taɓa tambayarta. Rahina ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, sai kuka ya riga ta.

Madam Zuliha ta tura ƙofa, ta bar ta ta yi kukanta. Da ta duba ta, ta ce tabon ɗinkin ne ya ɗaure, jiki kuma ya riƙe tsoron zafin. Ta ce ba aljani ba ne, ba sammu ba ne, kuma matan da ke fama da shi a garin nan sun fi yadda take zato. Ta hana ta matsi, ta ba ta man shafawa, ta koya mata yadda za ta saki jikinta a hankali. Rahina ta riƙa komawa, suna zama suna magana.

"Saura abu guda," in ji Madam. "Ciwon na mutum biyu ne. Randebu mai zuwa, ranar da na sa miki ki dawo, ki zo da shi, in yi masa bayani a gabanki. Ba nisa nake so ya yi da ke ba, kusa nake so ya zo, amma da haƙuri."

Nan gizo ya yi saƙa. Rahina ta yi ta juya maganar a bakinta, ta kasa fitar da ita a gaban Yakuba. Sai ta yi abin da aka saba in magana ta yi nauyi tsakanin miji da mata, ta nemi babba. Ta je wajen Gwaggo Aliya, ƙanwar mahaifinsa, ta sunkuyar da kai ta ba ta saƙon.

Gwaggo ba muguwa ba ce, wannan kam zan shaide ta. Amma a ganinta, namiji da gemunsa ya zauna a bencin masu awon ciki wata mace tana koya masa zaman ɗaki, wannan abin kunya ne da zai bi dangi. Sai ta gyara saƙon yadda zai faɗu.

"Ɗan nan, matarka na da ciwon mata. Likita ta ce ka nisance ta sai ta warke."

Yakuba ya ce to. Da ma abokansa sun daɗe suna jan sa zuwa haƙar zinariya a Jado yana ƙi, don ba ya son barin gida. Yanzu ya ga tafiyar ce za ta ba ta hutu. Ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya bar ta tana zaton ya ji kiran Madam ne ya zaɓi gudu. Ta ji ciwon wannan fiye da na jikinta, amma ba ta tambaye shi ba.

Jikin Rahina ya warware cikin 'yan watanni. In Yakuba ya samu rezon waya yakan kira.

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Malam."

"To a ci gaba da magani."

Shekaru suka tafi a haka. In ya zo sallah zaure yake sauka, ya gaishe ta da ladabi kamar yayarsa, ita kuma ta kai masa tuwo ta juyo.

Zuwansa na ƙarshe kawo shi aka yi. Ƙurar rami ta cinye masa huhu, dogon nan ya koma kamar kara. Rahina ta sa aka shigar da shi ɗakinta, ba ta nemi shawarar kowa ba. Ita ke yi masa wanka, ita ke jingina shi a ƙirjinta in tari ya taso. Wata rana da hantsi tana shafa masa mai a baya ya ce, "Ki yi a hankali da kanki, kada ciwonki ya tashi. Likita ta ce in nisance ki."

Hannunta ya tsaya. "Wace likita?"

Ya faɗa mata abin da Gwaggo ta ce. Ita kuma, da bakinta, ba ɗan aike, ta faɗa masa abin da Madam Zuliha ta ce, duka, har wanda take jin kunyarsa. Numfashinsa na fita da ƙyar, hawaye na bin gemunsa.

"Rahina, da na zo," ya ce. "Wallahi ko matan Damagaram duka ne a bencin nan, da na zo na zauna."

Bai ga damina ba.